Inna Kulu da Kunyar Ɗan Fari

A Kukar Dallatu, wani ƙauye can gefen Makoda inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, babu gidan da Inna Kulu ke yin sallama sau biyu. Ungozoma ce. Duk wanda ka gani a garin, in dai bai haura shekara talatin ba, ita ta yanke masa cibiya, kuma ba ta bari ya manta. Ko magidanci ne da gemunsa ya ɗaga mata murya, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai, rage mini murya, ni na fara ganinka tsirara.” Nan take zai yi dariyar dole ya rusuna.

Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tuwo a wuta. A wajen gwaggonta ta gaji aikin, daga baya aka kira su ungozomomi asibitin ƙaramar hukuma aka ƙara musu horo, ta dawo da sabuwar reza da sabulu da safar hannu, ta kuma dawo da ƙarin baki. Ta san macen da za ta haihu a gida lafiya, ta san wadda za a ce maza a nemo mota tun rana ba ta faɗi ba. Faɗa gare ta, amma ba ta da mugunta. Mai jego ba ta taɓa kwana da yunwa ba in Inna Kulu na kusa, ko da kuwa daga nata rumbun za ta ɗebo geron kunun kanwa.

Abu ɗaya ne ba ta yi wa kowa sassauci a kansa, shi ne kunyar ɗan fari. A wajenta, macen kirki ba ta kiran sunan ɗanta na farko, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. “Yaron nan” za ta ce, ko “na gidan nan”, kamar ɗan maƙwabta. In yana kuka, kakarsa ce za ta ce a ba shi nono. In ba shi da lafiya, kakarsa ce bakinsa, ita za ta tada hankalin gida, uwar kuwa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Haka aka yi wa Kulu tarbiyya, kuma haka take so ta bar garin.

Ita ma ta taɓa yin ɗan fari, Abdulkabir. Yana tatata ƙyanda ta shigo garin. Jikinsa ya ɗauki zafi kamar kaskon suya, surukarta ta leƙo ta tambaye ta ya jikin yaro, Kulu ta kau da kai ta ce, “Ɗan ɗumi ne, Inna.” Tana so ta ce a taimake ta, bakin ya ƙi buɗuwa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunansa ba, sai ranar da maza suka shigo da tabarma za su fita da shi. Ranar ta kira shi da ƙarfin da aka ji har bakin rijiya. Matan Kukar Dallatu sun san irin wannan kira. In ka ji uwa ta ɗaga murya da sunan ɗanta na fari, ba sai ka tambayi abin da ya faru ba, ka nemi mayafinka kawai. Kulu ta yi kuka ta share hawaye, ta ɗora laifin a kan ƙyanda da ƙarar kwana, ta ci gaba da rayuwa. Ba ta taɓa ɗora shi a kan kunya ba.

Ana gab da faɗuwar damina, shekarar da ake maganarta, wata farar mota ta shigo garin ta tsaya a gindin kuka. Mutanen wata cibiyar bincike ne daga birni, shugabansu a wannan yanki wani saurayi mai tabarau, Abdulrashid. Ya gaida mai unguwa a durƙushe, sannan ya faɗi abin da ya kawo su. Sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ce ake gwadawa a kan ƙananan yara. Bai ɓoye kalmar gwaji ba.

Wani dattijo ya gyara zama ya ce, “Ɗan nan, mu mun ga shekarar sanƙarau. Mun ji abin da aka ce ya sami yara a birni da sunan gwajin magani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.”

Abdulrashid ya ce gaskiya ne, Baba, kuma saboda irin wannan ne yanzu aka sa dokoki masu tsauri. Ba za a taɓa yaron kowa ba sai uwa da uba sun yarda. Wanda ya shiga yana iya fita ran da ya ga dama. Duk yaron da ya yi rashin lafiya, komai ƙanƙantarta, a kira su, mota za ta zo, magani kyauta ne. Ya ƙara da cewa rabin yaran sabuwar allurar za a yi musu, rabi kuma wata daban wadda aka riga aka sani, kuma ba wanda ya san wane yaro ya sami wacce, har shi kansa. Wannan maganar ta ƙarshe ba ta yi wa kowa daɗi ba. Mutane suka watse suna cewa Allah ya zaɓa mafi alheri, wanda kowa ya san a Kukar Dallatu ma'anarsa a kai kasuwa.

Mai unguwa ne ya ce masa in yana so a buɗe masa ƙofofi, ya nemi Kulu.

Ta saurare shi a zaurenta tana ɓarar gyaɗar iri. Abin da ya ja ta ba wani abu ba ne illa damina. Kowace shekara, da gero ya fara ciki sauro ya yi yawa, sai ta ga yaran da ta wanke da hannunta ana fita da su a tabarma. Ta gaji da wannan ganin. Ta ce, “Malam Abdulrashid, in ƙarya kake, Allah yana ganinka. In gaskiya kake, ni zan shiga gidajen.” Aka ba ta ƙaramar waya da lambarsa a ciki, aka koya mata inda za ta danna.

Da yamma dattijon nan na gindin kuka ya tare ta a hanyar rijiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kulu, in abu ya faru, su mota gare su. Ke fa?” Ta ce masa ya je ya ji da ciwon gwiwarsa, ta wuce. Amma maganar ta bi ta har gida, ta zauna mata a ƙirji.

Shiga gidajen bai yi mata wuya ba. Wa zai kalli idon matar da ta yanke masa cibiya ya ce a'a? Tana yin bayanin yadda aka koya mata, tana cewa ba dole, kuma da gaske take. Sai dai in Inna Kulu ta ce ba dole tana zaune a kan tabarmarka, kai ka san nauyin abin. Mata suka dangwala yatsa, maza suka ce to, tunda Inna ce. Abdulrashid ya yi ta murna, yana cewa ko'ina ba a sami haɗin kai irin na Kukar Dallatu ba. Ita kuwa Kulu, kowane yaro da aka rubuta sai ta ji kamar an ɗora mata wani tulu a ka, don ta san ba allurar suka yarda da ita ba, ita suka yi wa kara.

Cikin gidajen da ta shiga har da na Hure, ƙawarta tun suna 'yan mata. Ɗan Hure, Zaharaddini, yana tuƙa adaidaita sahu a Bacirawa can cikin birni, sai ya yi makonni bai leƙo gida ba. Matarsa Tahira na zaune da surukarta, da ɗanta na fari, Sha'aban, wani ƙosasshen yaro da ya fara miƙewa yana bin bango. Kulu ce ta karɓi haihuwarsa, kuma tana kiransa maigidanta, tana yi masa tsiyar ya ƙi kawo cefane. Zaharaddini ya amince ta waya, Hure ta ce a rubuta shi, Tahira ta dangwala yatsa ba ta ɗaga kai ba.

Tahira yarinya ce mai sanyin hali, ta yi makaranta har ajin farko na sakandare, kuma son yaron nan ya fi ƙarfinta. Wata rana Kulu ta shigo da sallamarta ɗaya tak, ta tarar da ita ita kaɗai a tsakar gida, ta ɗaga yaron sama tana sumbatar cikinsa yana ƙyalƙyala dariya. Kulu ta riƙe haɓa.

“Iko sai Allah! Yau na ga 'yar zamani. Ɗan fari ne fa a hannunki, Tahira. Saura ki kira sunansa mu ji, sai mu san duniya ta zo ƙarshe.”

Tahira ta dire yaron kamar ta taɓa wuta, ta shige ɗaki. Kulu ta ba Hure labari, Hure ta ba matan maƙwabta, aka yi kwanaki ana tsokanarta a bakin rijiya. Wasa ne a wajen Kulu, irin wanda aka yi mata, ta kuma yi wa mata da yawa. Tun daga ranar, in dai Inna Kulu na cikin gidan, Tahira ko inda yaron yake ba ta kallo. Kulu ta lura, kuma ta ji daɗi, har ta ce wa Hure yarinyar nan ta fara hankali.

Aka yi allurar farko, aka yi ta biyu. Ruwa ya zauna, gero ya tashi ya rufe hanyoyi har mutum ba ya hango na gabansa. Tsarin masu binciken shi ne a zagaya gidaje duk mako a tambayi lafiyar kowane yaro, kuma dokarsu ta ce uwa za a tambaya, don a ganinsu ba wanda ya kai ta sanin jikin ɗanta. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, saboda haka Abdulrashid yakan tsaya a mota ko a zaure, Kulu ta shiga ta tambayo ta fito ta faɗa masa. A gidan Hure abin yana tafiya daidai ba tare da kowa ya lura da dalili ba. Kulu za ta tambayi Tahira, Tahira za ta yi shiru, Hure ta amsa daga bakin murhu: jiya ya yi atishawa, shekaranjiya ya ƙi kunu, wurin allurar ya ɗan kumbura. Ba abin da ke wuce ta.

Garin kuwa ya zuba ido. Yaro ya yi tari a wani gida, kafin azahar labari ya zagaya cewa na allura ne. In Kulu ta ratsa majalisa, hira takan tsaya sai ta wuce. Ba wanda ya ce mata komai, gaisuwa ce dai ta ƙara gajarta. Ta rage barci, ta rage ci, wayar nan ta ɗaure ta a gefen zani kamar laya. Tsoro take ji, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don ita ce ta ce wa kowa kada ya ji tsoro.

Ana cikin haka 'yar Hure da ke aure a Rijiyar Zaki ta haihu, Hure ta haɗa kayanta ta tafi wankan jego. Kulu da kanta ta raka ta bakin titi, ta ba ta ƙullin kanwa ta kai wa mai jego. Suka yi sallama suna dariya. Ko a ranta bai zo ba cewa motar da ta ɗauki Hure ta ɗauke bakin Sha'aban.

Ranar zagaye ta zo da hadari a gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya bai zubo ba. Gari ya yi zufa, ko ganye ba ya motsi. Abdulrashid ya ce su hanzarta, akwai unguwar da ke tsallaken rafi, in ruwa ya sauko mota ba za ta haura ba. Kulu ta shiga gidan Hure da sauri. Ta tarar da Tahira a durƙushe gaban turmi, ƙofar ɗaki a sake da labule.

“Ina maigidan nawa?”

“Yana ciki, Inna.”

“Barci da hantsi? Malalacin miji. Ya jikin nasa? Ba zazzaɓi, ba amai, ba komai?”

Tahira ta buɗe baki ta rufe. Ta dubi labulen, ta yi sauri ta mai da idonta ƙasa. Gaban zaninta a jiƙe yake sharkaf, ga ƙwarya da tsumma a ciki a bakin ƙofa. Kulu ta ga duk wannan, ido dai ya gani, amma hankalinta na kan hadari da hon ɗin mota.

“Ɗan ɗumi ne, Inna.”

“Haƙora ne. Ki ba shi ruwa da yawa. In ya ƙaru ki aiko.”

“To, Inna.”

Ta fito ta ce wa Abdulrashid lafiya lau, ɗan ɗumin haƙori ne. Ya ɗaga kai ya ce ko a leƙa a auna shi? Ta ce uwarsa ma ba ta damu ba, tana can tana daka, su tafi kada ruwa ya tare su. Ya yarda da ita, don tun da suka fara aiki bai taɓa kama ta da kuskure ba.

Suka haura rafi, suka gama gida biyu, suka shiga na uku. A nan wata mata mai 'ya'ya da yawa ta tare Kulu tun daga ƙofa, ta miƙo mata autanta, tana surutu ba numfashi: ki taɓa wuyansa, Inna, ki duba idonsa, jiya sau kaza ya yi zawo, ku kira likitan nan ya gani. Yaron ƙalau yake, har yana jan ɗankwalin Kulu. Tana riƙe da shi tana yi wa uwar dariyar rakinta, sai dariyar ta yanke. Wannan auta ne, uwarsa na da bakin yin magana a kansa. Wancan na gidan Hure fa?

Abin ya dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Zanin da ya jiƙe. Tsumman da ke cikin ƙwarya. Turmin da Tahira ke durƙushe a gabansa, wanda sai yanzu Kulu ta tuna babu ko ƙwayar hatsi a cikinsa. Yarinyar ta ji sallama ne ta fito da gudu daga wajen yaron, ta kama taɓarya don kada a same ta a kansa. Ga Hure ba ta nan. Ga kuma kalmomin, ɗan ɗumi ne, Inna. Kulu ta san su, don daga bakinta suka taɓa fita, kuma ta san irin zafin da ake rufewa da su. 

Ta miƙa wa matar ɗanta, ta fita ba sallama, takalmi ɗaya a ƙafa. “Malam Abdulrashid, juya motar nan! Gidan Hure! Yaron nan ba lafiya, ba ƙaramin ciwo ba ne.”

“Inna, ba ke kika ce uwarsa ta ce…”

“Ɗan fari ne! Ba za ta faɗa ba. A gabana ba za ta taɓa faɗa ba, ni na rufe mata baki.”

Bai gane ba, amma ya ga fuskarta, ya ce wa direba ya juya. Yana ta kiran asibiti a waya yana cewa a shirya gado. A lokacin ne ruwan ya tsinke. Kafin su kai rafi ya fara kawowa, motar ta shiga ta yi ta gurnani, ta fita da ƙyar, ta sake kafewa a laka tsakanin gonaki. Abdulrashid da direba suka fita suna turawa. Ya leƙo ta taga ruwa na zuba daga tabaransa ya ce kada ta tada hankalinta, wataƙila zazzaɓi ne na damina, wataƙila ma yaron ba sabuwar allurar aka yi masa ba. Kulu ta zuba wa hanyar gari ido. Ko allurar ce, ko sauro ne, wannan lissafin na masu takarda ne, kuma garin ba zai jira su gama shi ba. Ita abin da ta sani, yaron yana kwance tun jiya ko shekaranjiya, motar da za ta kai shi asibiti ta tsaya a ƙofar gidansu da hantsi, kuma ita ta ce a wuce.

Ta buɗe ƙofa ta sauka. Tsohuwa mai jikoki ta kama gudu a cikin gero, ganye na yankar fuskarta, laka na riƙe mata ƙafa, tana faɗuwa tana tashi. Addu'a ɗaya take maimaitawa, Allah ka sa in tarar da gidan shiru. Shirun nan da ta yi shekaru tana koya wa 'yan mata, yau shi take roƙo, don muddin Tahira na jin kunya, to yaron na numfashi.

Ta fito daga gonaki, ta wuce rijiya, ta hango katangar gidan Hure. A bayanta ta ji ƙugin motar, sun fito da ita daga laka, ga su nan tafe. Ruwan ya ɗan tsagaita. Ba kowa a waje, ba motsi, sai kwatar gidaje da ke zuba. Kulu ta kai zaure, ta dafa ƙyaure tana haki, ta kasa kunne. Shiru. Ta ce alhamdu lillahi, ta ɗaga ƙafa za ta shiga.

Sai muryar ta taso daga cikin ɗaki, muryar yarinyar da ba a taɓa jin ta ɗaga ba, ta tsallake katanga ta bi gari.

“Sha'aban! Sha'aban!”

A gidan da ke kallon nasu, wata mata ta leƙo ta ga Inna Kulu tsaye a zaure da laka har gwiwa. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta koma ciki ta ɗauko mayafinta.